Sabuwar kwalta a Life Camp, tsohon cunkoso a Utako

A watan Yunin 2025, cikin jerin ayyukan da aka yi ta buɗewa a Abuja don bikin cikar gwamnatin Shugaba Bola Tinubu shekara 2, har da ƙarashen titin Obafemi Awolowo, wanda injiniyoyin hukumar raya birnin tarayya, FCDA, ke kira N5 a takardunsu. An ɗauko shi daga mahaɗar Life Camp aka kai shi hanyar zobe ta uku, can wajen Dape da Karmo. Kamfanin Julius Berger ne ya yi aikin, kuma ya yi shi da kyau: tagwayen hanya mai faɗi, ga magudanan ruwa, ga fitilu. Yabon gwani ya zama dole. Duk wanda ya san wannan yanki a da, lokacin da tifa ɗaya in ta mutu a wajen kasuwar kifi ta Kado sai kowa ya kashe mota ya fito shan iska, ba zai raina abin da Ministan Abuja Nyesom Wike ya yi ba. Ni kam ban raina ba. A Gwagwa nake zaune da iyalina, a Utako nake aikin akawu a wani kamfanin sufuri, don haka wannan titi shi ne hanyata safe da yamma, rani da damina.

Sai dai mintocin da muke samu tsakanin Karmo da Life Camp, muna biyan su har da riba tsakanin Airport Junction da Berger. Mota ta taho a guje kan sabuwar kwalta, direba na murmushi, fasinja na yi wa gwamnati addu'a, da an doso Jabi sai a shiga sahu. Daga nan kuma sai jan ciki har Utako.

Ga wanda bai san wurin ba, titin ya taso ne daga gadar Berger, inda ya rabu da babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, ya ratsa Utako da Jabi, ya miƙe zuwa Life Camp. A ɗan tsakanin nan na Utako an tara duniya guda. Ga kasuwar Utako. Ga tashar motar Jabi, inda ake lodin Kaduna da Zariya da Kano da sauran garuruwan Arewa. Ga ofisoshin kamfanonin da ke jigila zuwa Legas da Anaca da Fatakwal. Ga otal-otal da bankuna da rukunin shaguna, har da ofishin jaridun Daily Trust da Aminiya a wani layi da ke baya. Kowane ɗayan waɗannan yana jawo mota, kuma kowace mota tana son tsayawa a bakin titi ɗaya. Sannan a kan wannan titin ne mutanen Karmo da Gwagwa da Jiwa da Idu da wasu na Dei-Dei suke bi su shiga Wuse da tsakiyar gari.

Mai sayar da manja ya san lissafin nan ba tare da ya je makaranta ba: kome faɗin bakin mazurari, abin da wuyansa ya iya ɗauka shi ke shiga kwalba. An faɗaɗa baki a Life Camp, wuya yana nan a Utako yadda yake. Kuma za a ƙara faɗaɗa bakin, domin daga baya an ƙaddamar da gyaran tsohuwar hanyar Keffi, kilomita 15 daga ƙauyen Kado zuwa Dei-Dei, wadda ta ratsa Karmo da Gwagwa. A Karsana, tun Fabrairun 2024 aka aza harsashin rukunin gidaje 3,112 na gwamnatin tarayya. Dape da Kafe da Karmo sabuwa, ko'ina ka waiga bulo ne ke tashi. Masu shiga waɗannan gidaje ba da jaki za su zo aiki ba.

Ba mu muka fara wannan rawa ba. A birnin Houston na Amurka, an kashe dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, har a wasu wurare ta kai layi 26 idan an haɗa da na gefe. Shekaru kaɗan bayan nan, lokacin da mutum ke ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hauhawa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun bi diddigin biranen Amurka, suka wallafa a 2011 cewa zirga-zirgar motoci tana ƙaruwa kusan daidai da yadda aka ƙara tituna. Dalilin a fili yake. Idan hanya ta yi sauƙi, wanda da yake haƙura ya zauna a gida zai fito, wanda yake shiga motar haya zai ci bashi ya sayi tasa, mai neman fili zai ƙara matsawa nesa tunda ai hanya ta yi kyau. Kafin a ankara an koma gidan jiya.

Kada a ɗauka ina cewa a daina gina titi a Abuja. Mu ba Houston ba ne. Akwai unguwanni a wannan birni da har yau mai naƙuda ke isa asibiti a kan babur saboda mota ba ta shiga. Titin Life Camp zuwa Karmo yana cikin taswirar birnin tun asali, jinkiri kawai aka yi. Abin da nake cewa shi ne, an auna titin Obafemi Awolowo da ma'aunin mai mota, alhali akasarin waɗanda ke binsa ba su da ita. Duk safiya ina ganinsu. Masu gadi da suka tashi aikin dare, da masu shara, da 'yan dako, da teloli, da ƙananan ma'aikata masu albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, da mata masu abinci ɗauke da kuloli. Waɗannan abu uku suke nema a wurin titi: abin hawa mai araha, wurin da zai tsaya su hau ko su sauka, da hanyar tsallakawa su isa ɗaya gefen da ransu. Duka ukun babu wanda aka tanada yadda ya kamata.

Maganar abin hawa tana da tarihi, kuma tarihin ne ya kawo mu nan. A ranar 1 ga Oktoban 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka hana acaɓa a cikin gari, aka kawo dogayen bas na kamfanin sufurin birnin, waɗanda har yau mutane ke kira da sunan El-Rufa'i. A Yunin 2013, zamanin Minista Sanata Bala Muhammad, aka hana ƙananan bas masu kore shiga tsakiyar birni, aka ce manyan bas za su maye gurbinsu. Hanin ya zauna daram. Manyan bas ɗin kuwa suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ba taya, wancan ba inji, har ya zama ganinsu a kan hanyarmu sai an yi sa'a. To mutane ba za su fasa zuwa aiki ba don bas ta lalace. Sai ƙananan motoci suka cike gurbin, masu fenti da marasa fenti, huɗu a baya biyu a gaba. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a Oktoban 2024, sai ma'aikacin gwamnati ma ya shiga kabu-kabu da motarsa don ya rage kuɗin mai. Ba na ganin laifinsa. Amma inda kowace mota tasi ce, kuma babu mai rajistar kowa, a nan 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, suke samun mafaka. Mace ta tsaya a bakin titi bayan magariba tana leƙen fuskokin da ke cikin mota, tana lissafin ko ta shiga ko ta bari, wannan ma sakamakon rashin bas ne, ko da yake a shafin laifuka ake buga labarinsa.

Ga lissafin akawu. Doguwar bas ɗaya tana ɗaukar mutum 60 cikin sauƙi. Kafin ƙananan motoci su kwashe wannan adadi, ko da an yi cushen shida-shida, sai an sami goma. Mota goma, kowacce tana tsayawa inda ta ga dama, tana yanko layi daga hagu zuwa dama don ta ga hannu a sama. Ka ninka wannan sau ɗaruruwa tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe, ka ga gosulon Utako tun kafin ka fito daga gida.

Wurin tsayawa kuwa, sai mutum ya zo da kansa ya gani. Ka tsaya a kusa da tashar Jabi da misalin biyar da rabi na yamma. Jama'a sun yi dafifi a bakin kwalta, wasu ma sun sauko cikinta, domin wanda ya tsaya a kan dakali ba zai sami mota ba. Mota ta taho, direba ya zuro kai yana kiran Karmo, Gwagwa. Ba ya tsayawa sosai. Ƙafarsa ɗaya a kan birki, idonsa ɗaya a madubi, don ya san ana iya fitowa daga bayan wata mota a buɗe ƙofarsa a zauna masa a gaba, a ce ya tsaya a inda aka hana. Fasinjoji su ruga, mai ƙarfi ya ture mara ƙarfi, wani ya jefa jakarsa ta taga don ya kama wuri, ƙofa ba ta gama rufuwa ba mota ta ja. Wadda ke bayanta ta tsaya a layi na biyu, ta ukun a layi na uku. Titi mai faɗin gaske ya koma layi ɗaya, na baya suna ta danna ham kamar shi zai buɗe hanya. Wani dattijon direba da nake yawan shiga motarsa, na taɓa ce masa, "Baba, me zai hana ka matsa gaba kaɗan ka tsaya da kyau?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, nuna mini inda aka ce in tsaya, in ban tsaya a nan ba ka kira ni maƙaryaci." Ban sami abin nuna masa ba.

Ana kama direba don ya tsaya a inda bai kamata ba, amma ba a gina masa inda ya kamata ba. Wannan ba doka ba ce, kafar karɓar na goro ce. Aikin da ake buƙata bai kai kuɗin gada ɗaya ba. A yanka gefen titi a wuraren da kowa ya san nan ake hawa da sauka, wato Berger, gaban kasuwa, tashar Jabi, Airport Junction da Life Camp, a shigar da wurin tsayawa ciki yadda mota biyar ko shida za su fita daga kan hanya, a yi rumfa da benci da fitila, a rubuta inda kowane layi ya nufa. Bayan haka duk wanda ya tsaya a tsakiyar titi a kama shi, a ba shi takardar tara mai rasit, ba wanda zai tausaya masa.

Tsallakawa ita ce ta fi ci mini rai. Wanda ya sauka a hannun da ba na kasuwa ba, dole ya ratsa layukan mota na zuwa da na dawowa. Matasa suna yi da gudu. Amma na sha ganin tsohuwa da jikarta riƙe da hannu, ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye, har sai wani mai baro ya tausaya ya tura baronsa gaba ya zame musu garkuwa, suka bi bayansa zuwa tsakiya. A can kuma su sake tsayawa a kan ɗan siririn dakali, iskar motoci na kaɗa musu mayafi, suna jiran rabi na biyu. Inda aka taɓa zana farin layin tsallakawa, fentin ya koɗe, kuma ko da sabo ne, direban Abuja bai ɗauke shi a bakin komai ba. Abin mamaki, lokacin cunkoso ya fi aminci ga mai ƙafa, tunda motoci a tsaye suke. Da tsakar rana ko bayan isha, lokacin da hanya ta buɗe, a nan ake kwasar mutane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Ta kuma ce idan gudun motar da ta buge mutum ya tashi daga kilomita 50 a awa zuwa 65, haɗarin mutuwarsa yana ninkawa sau huɗu da rabi. Kilomita 15 kacal. Yanzu a tuna cewa sabon ɓangaren titin, mai santsi da faɗi, ya ratsa ta inda mutane ke zaune, yara na zuwa makaranta da Islamiyya, kuma tsohuwar hanyar Keffi da ake gyarawa ta bi ta tsakiyar kasuwar Karmo, wadda ranar Talata ba masaka tsinke saboda masu gwanjo. Ramukan da muke tsinewa a da, su ne ke rage wa direbobi gudu. An cike ramuka, madalla. Me aka sa a madadinsu?

Na san amsar da za a ba ni: gadar masu tafiya a ƙasa. A kan hanyoyin da aka yi don gudu, irin Nnamdi Azikiwe ko hanyar Kubwa, gada ce magani, ba musu. Amma titin da ya ratsa kasuwa da tasha wani abu ne daban. Mai baro ba zai hau matakala da buhun shinkafa ba. Gurgu ba zai hau ba, mai tsohon ciki ba za ta hau ba, kuma da dare kowa na tsoron abin da zai tarar a sama. Shi ya sa ake ganin gadoji a Abuja mutane na ratsawa ta ƙarƙashinsu, har a kafa waya a tsakiyar titi su kuma su huda ta. Ana cewa taurin kai ne. Wani ɓangaren taurin kai ne, na yarda. Amma idan dubban mutane suka dage kan bin wuri ɗaya kullum, injiniya ya kamata ya karanta saƙon. Abin da ya dace da gaban kasuwar Utako shi ne danja ta masu ƙafa, wadda za ta tsayar da motoci na ɗan lokaci, da tudun tsallakawa mai faɗi wanda dole mota ta rage gudu kafin ta hau, da tsibiri a tsakiya mai faɗin da baro zai tsaya. Da kuma wuta a danjar, domin danjar da ba ta ci ƙarfe ne kawai aka kafa.

Mu ma da namu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dakalin da aka yi don masu tafiya, 'yan'uwanmu masu lemo da masu caja da masu gyaran takalmi sun baje a kai, mai tafiya ya koma cikin kwalta. Masu Keke Napep a wajen Karmo suna bin hannun da ba nasu ba, da fasinja cike, don kada su zagaya. Kamfanonin sufuri, irin wanda nake ci a ƙarƙashinsa, da yawa sun kama filin da bai isa motocinsu ba, sai layin unguwa ya zama gareji, a yi lodi a kan hanya, a sauke kaya a kan hanya. Masu gina rukunin shaguna suna cinye wurin ajiye motoci su mayar da shi ƙarin shago, kuma wani ne ya sa musu hannu a takarda. Duk wannan gaskiya ne. Amma kora da ƙwace kaya an shekara ashirin ana yi, ba ta hana komai ba. A kore su da safe, la'asar sun dawo, domin inda fasinja yake nan ciniki yake. Idan an gina wuraren tsayawar nan, a ware 'yan rumfuna a bayansu, a ba masu ƙananan sana'a haya mai sauƙi da lamba, sannan a ce dakali haramun ne. Mutumin da ke da wurin da zai rasa ya fi jin doka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, waɗanda suka zana Abuja sun hango duk wannan. Bayan dokar da Janar Murtala Muhammad ya kafa birnin da ita a Fabrairun 1976, kamfanin International Planning Associates ya miƙa babbar taswira a 1979. An tsara birnin zai ɗauki mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, daga ƙarshe ya tsaya a sama da miliyan 3 kaɗan. A cikin taswirar an keɓe hanyoyi na musamman don sufurin jama'a, waɗanda za su ratsa tsakiyar unguwanni ta ɓangaren arewa da na kudu, bas tukuna, jirgi daga baya. Gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991. Tun daga lokacin, ɓangaren taswirar da ya shafi motar mai hali ana ta cika shi gada bayan gada. Wanda ya shafi talaka shi ne kullum ake cewa sai an sami kuɗi.

Za a ce ai ga jirgin ƙasa na cikin gari. Gaskiya ne, an buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya lokacin korona, aka farfaɗo da shi a ranar 29 ga Mayun 2024, har aka yi watanni ana hawa kyauta. Akwai ma tasha a Gwagwa. Amma layin ya bi ta Idu ne ya shiga tsakiyar gari, ɗaya reshen ya tafi filin jirgin sama. Bai san Jabi ba, bai san Utako ba, bai san kasuwar Wuse ba. Ni da ke aiki a Utako, in na hau shi sai na sake neman mota na dawo baya. Za a kuma ce ga sababbin tashoshin bas na Mabushi da Kugbo da aka buɗe a Yunin 2025. Gine-gine ne masu kyau, kuma niyyar raba mutane da motocin da ba a san asalinsu ba niyya ce mai kyau. Sai dai tasha ba ta kai kowa ko'ina. Bas ce ke kaiwa, kuma bas ɗin da za ta fito daga tasha mai sanyi ta shiga gosulo ɗaya da kowa, ba wanda zai bar motarsa saboda ita.

Legas, wadda muke yi wa dariyar cunkoso, ta gane wannan tun Maris 2008, lokacin da gwamnatin Babatunde Fashola ta ware wa bas layinta a kan hanyar Ikorodu, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Darussalam ta Tanzaniya ta yi haka a kan hanyar Morogoro a 2016. Dukansu suna da matsalolinsu, ana cika bas fiye da kima, ana jira. Amma mai shiga bas a can yana wuce mai jif a cikin cunkoso yana kallonsa ta taga, kuma wannan kallon shi ke sa wani ya ajiye mota a gida gobe.  Daga Karmo zuwa Berger a miƙe yake, fasinja kuwa ba sai an neme su ba. A ware layi ɗaya kowane hannu, ko da na safe da yamma ne kawai a farko, a sa shinge na kankare ba fenti ba, a zuba bas masu iskar gas da gwamnatin tarayya ke ta magana a kansu, a ba direbobin tasi na yanzu damar shiga tsarin ta ƙungiyoyinsu don kada a raba su da abinci. Masu motoci za su yi kuka wata uku. Ni ma wata rana ina fatan in sayi tawa, kuma na yarda a rage mini layi.

Akwai wani abu da ke tafe a bayan kowace sabuwar kwalta, wanda mu mazauna bakin gari muka sani sarai. Ranar da greda ta iso, ranar mai gida ke fara lissafin ƙarin haya. Wanda ya sha ƙurar hanyar shekara da shekaru, da ta gyaru sai ya ga ba zai iya zama kusa da ita ba, ya kwashe iyali zuwa Zuba ko Madalla ko Suleja, tafiyarsa ta ƙara tsawo, kuɗin motarsa ya ƙaru. Wasu kuma rusau ne ke tashinsu, kamar yadda aka gani a Gishiri a Maris 2025 saboda titin N16, inda aka yi ta taƙaddama kan diyya. Ba titi ne ya ƙirƙiro tsadar haya a Abuja ba, kuma ba shi zai magance ta ba. Amma bas mai araha mai zuwa a kan lokaci ita ce kaɗai hanyar da wanda aka tura nesa zai ci moriyar kwaltar da aka shimfiɗa da sunansa.

Me ya sa ƙananan ayyukan nan ba sa samun shiga? Ina jin don ba a yi musu biki. Ba a gayyatar shugaban ƙasa ya buɗe wurin tsayawar tasi, ba a kiran makaɗa don an gyara danja. Sannan mu mazauna Abuja ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha. Minista naɗa shi ake yi, ba mu muka zaɓe shi ba, ba kuma mu za mu sauke shi ba. Sanata ɗaya gare mu da 'yan majalisar wakilai biyu, sai shugabannin ƙananan hukumomi, kuma kasuwar Utako tana hannun ƙaramar hukumar birni, AMAC, titin gabanta yana hannun hukumar birnin tarayya. Kowa na iya nuna ɗan'uwansa. Abin da ya rage mana shi ne baki da alƙalami.

Ranka ya daɗe Minista, gidan gwamnati na mai riƙe da kujerarka a Life Camp yake, don haka wannan titi ba baƙonka ba ne, sai dai jiniya ba ta barin mutum ya ga abin da muke gani. An shaide ka da abu ɗaya, in ka sa rana ana gama aiki a ranar. Muna roƙo ka sa wa wannan ma rana. Duk motar da gyaran hanyar Dei-Dei zai ƙaro, a Utako za ta sauke nauyinta, don haka a umurci FCDA da sakatariyar sufuri su bi titin Obafemi Awolowo a ƙafa daga Berger zuwa Life Camp, tare da shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa, su fitar da wuraren tsayawa da na tsallakawa da layin bas, a sa kuɗinsu a kasafin da ke tafe. A fara da gaban kasuwar Utako.